Mai Bugu da Mai Riƙo

A ƙarƙashin matattakalar wani tsohon bene, tsakanin shagon tela da na mai sayar da fenti, akwai wani ɗan lungu da ba zai ɗauki mutum uku a zaune ba. Nan ne wurin aikin Ƙarami. Shekarunsa sittin da huɗu, gemunsa ya yi fari fat, jikokinsa bakwai, amma har yau duk layin Ƙarami suke ce masa, don kawai yana da wa, wan nan kuma shi ne Babba. Sunan ya manne masa tun yana saurayi, ba a samu wanda ya tuna ya ɓamɓare ba.

Gyara ce sana'arsu. Lemar da iska ta juya, kwaɗon da makulli ya karye a cikinsa, almakashin da ya daina cin yadi, zif, tocila, hannun tukunya, duk wani abin da mai shi ya ji nauyin zubarwa. A bango ƙarafan lema ne rataye dami-dami. A kan kanta gwangwanayen madara ne jere, kowanne da irin ƙusar da ke cikinsa, ba rubutu a jiki, amma ko ido rufe Ƙarami ba zai ɗauki wanda ba shi yake nema ba. A tsakiya, bisa wani kututture, akwai guntun ƙarfen dogo, irin na hanyar jirgin ƙasa, da samansa ya yi sheƙi don shan bugu. Benci ɗaya ta damansa, ɗaya ta hagu.

Na hagun na Ƙarami ne. Na daman kuwa shekara biyu ke nan ba wanda ya zauna a kai, kuma kullum da safe sai ya goge shi kafin ya goge nasa. Ba ya ɓoye abin da yake so. Wansa yake so ya dawo ya zauna a nan, su sake yin aiki tare, ko da guda ɗaya ne.

Aikin da ya yi musu suna shi ne wuƙar aljihu, irin mai naɗewar nan da ruwanta ke shigewa cikin ƙota. Ƙusa ɗaya tal ke riƙe da ita, a kanta ruwan yake juyawa in an buɗe ko an rufe. Yau da gobe sai ƙusar ta saki, ruwan ya fara girgiɗi hagu da dama kamar haƙorin tsoho. Maganin ba wani abu ba ne, a kwantar da wuƙar a kan ƙarfe a daddoki kan ƙusar har ya baje ya matse. A baki da sauƙi. Amma in bugu ɗaya ya gaza, tana nan da rawarta, in kuma ɗaya ya wuce, ta ƙage ke nan, ko da haƙori ba ka naɗe ta.

Sauran masu gyara reza suke cusawa tsakanin ruwan da ƙotar kafin su buga, in sun gama su zare, sai ta bar 'yar kafar da ruwan zai riƙa juyawa. Babba ya raina wannan dabara raini mai tsanani. Cewa yake reza ta marasa ƙane ce. In mai wuƙa ya tambaye shi ina tasa rezar, sai ya nuna hagunsa da haɓa ya ce, “Ga ta nan zaune tana shan shayi.”

Ga yadda suke yi. Babba ya kama guduma da dama, da hagu ya tsayar da wani ɗan sandan ƙarfe a kan ƙusar. Ɗan aike suke ce masa, don shi ke kai saƙon guduma inda aka aike shi. Ƙarami ya danne wuƙar a kan ƙarfen dogo, yatsansa a kan ruwan, yana ɗan motsa shi bayan kowane bugu. Daidai lokacin da rawar ta mutu amma ruwan bai kai ga ƙagewa ba, sai ya ce, “Ya isa.” Guduma ta tsaya a sama. Shekara arba'in da ɗaya suna haka, ba wuƙar da aka taɓa dawo musu da ita.

Abin da mutanen layi ba su sani ba shi ne, ba ɗayansu da ya iya aikin shi kaɗai. Babba bai taɓa sanin wurin tsayawa ba, ko a bugu, ko a magana, ko a gaban kwano. In ka ƙyale shi zai daki ƙusa har ta ɓullo ta ƙasan kututture. Ƙarami kuma sau ɗaya ya taɓa ɗaga guduma a kan wuƙa, yana ɗan shekara ashirin da uku, ya fasa wa wani direba ƙota gida biyu. Babba ya shekara goma yana ba da labarin nan, kowace shekara direban yana ƙara tsawo da faɗin ƙirji. Daga ranar Ƙarami ya koma gefen riƙo, bai kuma ji haushi ba, don shi mutum ne da ya fi son sauraro da yatsa a kan yin ƙara.

Su ma suna da tasu wuƙar. Mahaifinsu mai gadin wata ma'ajiyar kaya ne, abin da ya bari bai taka kara ya karya ba, amma a ciki akwai wuƙa mai ƙotar ƙaho da ƙusar tagulla. Kafin ya cika ya ce ta su biyu ce. To, wuƙa ba ta rabuwa, don haka ta zauna a aljihun Babba, Ƙarami yana aro sau talatin a yini.

“Yaya, ara mini wuƙata.”

“Wuƙarka? Rabonka ƙota ce, ruwan nawa ne. In ƙota kake so, ga ta, ka yanka da ita.”

Da ita suke yanke zare, da ita suke feƙe waya, da ita suke ɓare lemo, da ita kuma Babba yake raba burodin hantsi biyu, kullum ya ɗauki babban ya ce hannunsa ne ya goce.

Wata Talata da hantsi Babba yana tsakiyar labari, guduma ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi ƙasa. Bakinsa ya karkace, maganar ta koma wani gunguni. Da yake mutum ne mai kwaikwayon kowa, har da bugaggen da ke wucewa ta layin, sai Ƙarami ya yi dariya ya ce, “Yaya, ka daina wasa, muna da aiki.” Dariyar nan har yau tana cin sa. Tela ne ya leƙo ya gane abin da ke faruwa ya tsayar da mota.

Shanyewar ɓarin jiki ce, ta dama. Mako uku ya yi a asibiti. Matar Babba ta daɗe da rasuwa, 'yarsa guda ce, nas a wani gari mai nisa, tafiyar yini cur a mota. Sunan mahaifiyarsu aka sa mata, don haka daga uban har ƙanen uban Uwata suke ce mata. Ita ta zo ta ce za ta tafi da shi inda za ta riƙa ganinsa safe da yamma, kuma ba mai hankalin da zai ce mata a'a. Da aka zaunar da shi a mota, Babba ya yi ta laluben aljihu da hannun hagu har ya zaro wuƙar, ya tura ta cikin tafin ƙanensa. Da harshe mai nauyi ya ce, “Riƙe mini. Kar ka rufe shago. Ina dawowa.”

Ƙarami ya ɗauki maganar nan ya zauna a kanta. Bai rufe shago ba ko yini ɗaya. Lema ya ci gaba da gyarawa, da kwaɗo, da almakashi, amma duk wanda ya kawo wuƙa mai girgiɗi amsa ɗaya yake samu: “Sai Yaya ya dawo.” Waɗansu suka bar nasu su jira, har wuƙaƙe goma sha ɗaya suka taru a cikin wani gwangwanin biskit. Wata ya bi wata, masu su suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya suna karɓar abinsu yadda suka kawo, suna yi masa irin sallamar da ake yi wa mara lafiya. Tela ya taɓa neman aron bencin dama don wani baƙonsa, Ƙarami ya miƙa masa nasa ya yini a tsugune.

Bai kuma je dubiya ba. Mutane sun yi ta gunaguni a kan haka, wasu suka ce taurin zuciya ne, alhali kuwa tsoro ne. A ganinsa in ya rufe shago ya hau mota, ya yarda ke nan cewa Babba can yake, ba nan ba. A waya kuma, in ya kira, Uwata ce ke ɗauka, ta ce Baba yana barci, ko yana wanka, ko ya ce a gaishe shi. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu saƙon gaisuwa yake aikowa.

Kewa ta sa masa wata ɗabi'a. In ba aiki, sai ya zaro wuƙar ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, ya rufe, idonsa a kan titi. A gida ma haka, har a kan tabarmar cin abinci. Wuƙar da ta shekara sittin ba ta yi ko gezau ba, cikin shekara ɗaya da rabi ta fara rawa. Da farko kaɗan ne, yatsansa ne kawai ya sani. Daga baya ta yi lako-lako, ko yaro ya girgiza ta zai ji tana ƙas-ƙas.

Matar Ƙarami mace ce da ba ta ajiye magana a ciki ta kwana. Ta dube shi wata rana ta ce, “Malam, wuƙar nan fa ba aiki ne ya kashe ta ba, buɗe-rufe ne. Kawo in riƙe maka ka buga, mu huta da ƙas-ƙas ɗin nan.”

“Yatsanki gishiri ya sani, bai san ƙarfe ba.”

“Shekara arba'in yana sanin lokacin da gishiri ya isa, ban taɓa jin ka ture kwano ba. To ka sa reza mana, kamar kowa.”

Ya gwada, kar a ce bai gwada ba. Wata ranar da layin ya yi shiru ya sayi reza a kantin gaba, ya cusa ta, ya kwantar da wuƙar a kan ƙarfen dogo, ya ɗaga gudumar Babba. Sai ya dubi bencin dama, ya ji kamar an kama shi yana sata. Ya zare rezar ya ba tela ya riƙa farke ɗinki da ita.

Ƙarshen abin, wuƙar ta cije shi. Yana feƙe wayar wata tocila, ruwan ya goce gefe ya shige gindin babban yatsansa na hagu. Jini ya ɓata masa riga, ya ɓata tocilar mutane. Matarsa ta wanke ciwon ta ɗaure ba ta ce uffan ba, abin da ya fi faɗanta ba shi tsoro. Tana gamawa ta ɗauki waya a gabansa ta kira Uwata, ta zayyana mata komai, sannan ta manna masa wayar a kunne.

“Baba Ƙarami, ina yini? Ya hannun?”

“Da sauƙi, Uwata. Ɗan ƙwarzane ne, an dai kai miki ƙarata.”

“Baba Ƙarami, ka yarda in faɗa maka gaskiya? Hannun Baba ba zai tashi ba. Mun yi duk abin da ake yi. Taki goma yake yi da sanda ya nemi kujera. Ba zai dawo shago ba, shi ma ya sani. Ba barci yake yi in ka kira ba, yana zaune kusa da ni yana girgiza kai. Ba ya so ka ji yadda harshensa ya koma. Amma duk motar da ta tsaya a ƙofa sai ya leƙa taga. Don Allah kai ka zo.”

Ya ce to.

Washegari da sassafe ya je shago, ya ɗauki guduma da ɗan aike, ya ciccibi guntun ƙarfen dogon nan daga kan kututturen da ya shekara arba'in bai motsa ba, ya naɗe shi da tsohon yadin lema ya sa a jaka. Ya ja ƙofa ya datse kwaɗo, ya tsaya yana kallonsa, don bai saba ganin shagon a rufe da rana ba. Matarsa da ta rako shi tasha ta gwada ɗaga jakar ta kasa.

“Mutane in za su dubiya lemo suke kaiwa, kai kuma hanyar jirgi ka ɗauko.”

“Kwana ɗaya zan yi. Mu gyara wuƙar, in juyo.”

Ta dubi fuskarsa. Ta sayi lemon da kanta ta tura masa ta tagar mota.

Sai bayan la'asar ya isa. Gidan Uwata a hawan ƙasa yake na wani dogon bene, ɗaki biyu da falo, daɓen tayil fari ƙal yana ƙamshin maganin goge ƙasa. Babba yana zaune a kujera kusa da taga, sanda jingine a gefe. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, gefen bakinsa na dama ya ɗan sauka. Duk wannan Ƙarami ya shirya masa tun a mota. Abin da bai shirya wa ba shi ne hannuwan. Sun yi fes, farce a yanke, ba baƙin mai, ba tsatsa, ba ko ƙwarzane ɗaya. Tun da ya yi wayo bai taɓa ganin hannun wansa da tsabta haka ba.

Ya durƙusa ya gaishe shi. Babba ya daɗe yana kallonsa, yana tattaro kalma.

“Ka... tsufa.”

“Kai ka fara, Yaya. Ni bin ka nake.”

Rabin bakin Babba ya yi dariya. Sai ya ce, “Shago?”

“Na rufe.”

“Ka rufe.” Ya maimaita a hankali, ya juya ya dubi taga. Ba faɗa ya yi ba, Ƙarami kuwa da faɗan ya fi so.

Suka zauna har rana ta faɗi, Ƙarami yana ba da labarin layi: tela ya sa gilashi, mai fenti ya aurar da 'ya, an sake lemar zamani da ƙarafanta ba sa jure gyara. Shi da bai saba magana ba, yau shi ke yi, mai maganar yana saurare. Da labari ya ƙare masa sai ya zaro wuƙar ya girgiza ta a kusa da kunnen Babba. Ƙas-ƙas. Babba ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa.

“Na zo da kayan aiki,” in ji Ƙarami. “Gobe da safe mu yi ta. In mun gama sai in kama motar azahar.”

Washegari da hantsi Uwata, wadda aikin yamma take da shi ranar, ta ga abin da ya fito daga jakar ta dafe ƙirji. “Baba Ƙarami, tayil ɗin mutane! Gidan haya ne fa.” Ta kawo katakon yanka albasa da tsohon bargo ta shimfiɗa a kan wani ɗan teburi mai ƙwari, aka ɗora ƙarfen dogo a kai, aka jawo shi gaban kujerar Babba. Ƙarami ya zauna a kan kujerar tsuguno, ta hagu, ba tare da ya yi tunani ba. Haka kuma ba tare da tunani ba ya ɗauki guduma ya miƙa wa hannun daman wansa.

Hannun yana kwance a cinya, bai motsa ba. Gudumar ta tsaya a tsakaninsu. Ƙarami ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Babba ne ya cece shi. Ya ture gudumar da bayan hannun hagu ya ce, “Kai... za ka buga. Ni... in riƙe.”

“Yaya, ka manta direban nan?”

“Ya mutu. Buga.”

Ƙarami ya buɗe wuƙar ya kwantar da ita, gindin ƙusar a kan ƙarfe. Mai bugun bai iya bugu ba, mai riƙon bai taɓa riƙo ba, wuƙar kuma ta mahaifinsu ce, ba ta da ta biyu. In akwai ranar da reza ta wajaba, yau ce, kuma gidan nas ba ya rasa reza. Har ya juya zai kira Uwata, sai ya ga hannun hagun Babba ya riga ya sauka a kan wuƙar. Tafi ya danne ƙota, manuniya ta kwanta a kan ruwan, daidai inda shi yake sa tasa, har da ɗan lanƙwasa ƙaramin yatsa da yake yi. Ashe duk shekarun nan mai surutun yana kallo. Neman reza yanzu daidai yake da ya ce wa wansa wannan hannun ma ba shi da amfani. Ya haɗiye maganar, ya tsayar da ɗan aike a kan ƙusa, ya yi bisimilla, ya buga.

“Ƙuda... kake kora?” in ji Babba.

Ya ƙara ƙarfi a na biyu. Ƙarar ta cika falon, ta daki tayil ta dawo.

“Daga... wuyan hannu. Ba kafaɗa ba.”

Na uku ya zauna daram. Ƙarami ya ji shi har cikin haƙoransa, ya gane abin da wansa ya shekara arba'in yana jin daɗinsa. Ya saci kallon Babba, sai ya ga mutumin ya miƙe zaune, ido ya buɗe, yatsa yana motsa ruwan wuƙar a hankali bayan bugun. Uwata tana tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu, ta manta abin da za ta goge.

Na huɗu. Na biyar. A kunnen Ƙarami ƙarar ta fara sauyawa, ta bar kwaram-kwaram ta koma siririya, alamar ƙusa ta kusa zama. Ya dakata ya dubi wansa. Babba bai ce komai ba, ya dai ɗaga haɓa, wato ci gaba. To, mai riƙo shi ke da magana, haka dokar take tun farko, ba a kuma taɓa jin mai bugu ya yi gardama ba. Ya buga na shida, da na bakwai. Ya sake dubawa, haɓar ta sake ɗagawa. Na takwas, na tara. A na goma ya ajiye gudumar da kansa.

Ya zare wuƙar daga ƙarƙashin hannun Babba ya gwada naɗe ta. Ko motsi. Ya sa hannu biyu, ya danna bayanta a gefen teburi har ciwon yatsansa ya buɗe, ɗaurin ya yi ja. Ta ƙage ƙam, kamar da can a miƙe aka ƙera ta.

Ransa ya ɓaci, ɓacin da bai san yana da irinsa ba. Yini guda a mota da ƙarfe a cinya, shekara biyu yana korar mutane da wuƙaƙensu, ga abin da aka samu.

“Haba, Yaya! Wuƙar Baba ce fa! In ba ka ji a yatsan, ai sai ka faɗa mini ba ka ji!”

Kafin ya rufe baki ya yi nadama. Uwata ta ce, “Baba Ƙarami,” a hankali. Babba kuwa bai sunkuyar da kai ba. Ya dube shi ido cikin ido, muƙamuƙinsa yana aiki, yana jawo kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan guga.

“Na ji. Tun... na biyar.”

“Ka ji? To me ya hana ka cewa ya isa?”

Amsar ta daɗe ba ta fito ba. Sau biyu ya fara, harshen ya ƙi. Ƙarami ya jira.

“Ka ce... in an gama... motar azahar.”

Uwata ta juya ta shige kicin, aka ji ta buɗe famfo da ƙarfi, ba kuwa abin da take wankewa. Ƙarami ya zauna da wuƙar a hannu, idonsa ya cika, bai kuma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Shekara biyu yana ganin shi kaɗai ke jira, yana goge benci yana jin tausayin kansa, bai taɓa kawo wa ransa cewa wanda aka ɗauke ya fi shi jira ba. Shi ko ba komai yana da layi, da tela, da masu lema. Wansa taga kawai yake da ita.

Ya share fuska da hannun riga, ya juya wuƙar yana dubawa kamar yadda zai duba ta baƙo. Ƙahon bai fashe ba. Wuƙar da ta ƙage tana da magani, sai dai ba na gaggawa ba ne: a ɗiga mai a gindin ruwan, a bar shi ya shiga, a riƙa lallaɓa ta gaba da baya kaɗan-kaɗan har ta saki. Aikin kwana uku ne, in ta yi taurin kai huɗu. Ya san ba zama ya zo yi ba. Akwai lemomin mutane a rataye, akwai matarsa, kuma ranar da wuƙar ta naɗe dole ya sa ta a aljihu ya ɗauki jakarsa, ya koma lungun nan shi kaɗai.

“Uwata,” ya ɗaga murya, “kina da man keken ɗinki?”

“Akwai na maƙwabciya, bari in karɓo.”

“In kin dawo ki kira mini gida, ki ce kar a jira ni yau.”

Ta kawo man a 'yar kwalba mai dogon baki. Ƙarami ya jingina wuƙar a jikin ƙarfen dogo, gindinta sama, Babba ya kai hannu ya tallafe ta ba tare da an ce masa ba. Ɗigo uku aikin yake so, safe da yamma. Ƙarami ya san haka, Babba ma ya sani, don shi ya koya masa. Ƙarami ya ɗiga ɗaya tal, ya mayar da murfin kwalbar.